Mene ne labarin "gotik", kuma da wanne zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a Aboabo, nan Kumasi. Tun muna yara nake son labarin ban tsoro. Kwanaki a wajen masu sayar da tsofaffin littattafai a Adum na ga wani an rubuta "gotik" a bangonsa. Me hakan ke nufi? Kuma cikin sababbin da ake yayi, in fara da gajerun labarai ne ko dogon littafi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. A tatsuniyar da kika sani, dodo daga daji yake fitowa, ana kulle ƙofa a tsira. A gotik kuwa abin tsoron yana cikin gida tun kafin a haife ki, sau da yawa ma kakanni ne suka shuka shi. Kulle ƙofa ba ya magani, don da shi aka kulle ki.

Sunan ya fito ne daga salon ginin tsofaffin majami'u da fadojin Turai. Littafin da ake ɗauka a matsayin na farko shi ne The Castle of Otranto na Horace Walpole, wanda ya fito a Ingila a 1764. Ranar ɗaurin aure wani ƙaton kwalkwali ya faɗo ya murƙushe ango, daga baya aka gano kakan mai gidan ƙwace sarautar ya yi. Kin ga ƙashin bayan abin ke nan: tsohon gini, haƙƙin da aka danne, da alhakin da ya biyo jikoki.

Mu nan ba sai an yi mana dogon bayani ba. Ki tuna irin gidan gadon nan na zango mai ɗaki goma sha, inda ake da ɗaki guda da ya shekara ashirin a kulle da kwaɗo saboda magada sun kasa daidaitawa. Kwanon rufin ya yi tsatsa, yara ba sa wasa a bakin ƙofar, kuma in kika tambayi tsohuwar gidan sai ta ce ki je ki ɗebo ruwa. Wannan shirun nata shi ne gotik, ko da babu fatalwa ko ɗaya. Wanda ya taɓa zuwa tsohon ginin Turawa na Cape Coast ma ya ga irinsa: coci a sama, kurkukun bayi a ƙarƙashinta.

Marubutan yanzu sun ɗauke salon daga Turai sun kai shi garuruwansu. Mexican Gothic na Silvia Moreno-Garcia, na 2020, labarin wata budurwa ne a Meziko ta shekarun 1950 da ta je duba 'yar'uwarta da ta yi aure a gidan wasu Ingilishi masu mahaƙar azurfa. Bangon gidan duk fumfuna ne, kuma fumfunar ba ta banza ba ce. Ba zan ɓata miki ba. Sai dai farkonsa yana jan ƙafa, sai kin yi haƙuri da kusan rabinsa kafin tukunyar ta tafasa.

Shi ya sa nake ba ki shawarar fara da gajerun labarai. Gajeren labari ba shi da filin yi miki bayanin dodo, yana nuna miki ƙafarsa ne kawai ya tsaya, sauran ke za ki ƙarasa da kanki a kan katifa. A wannan fagen ban ga kamar Mariana Enriquez 'yar Ajantina ba. Kundinta Things We Lost in the Fire ya fito da Turanci a 2017, The Dangers of Smoking in Bed kuma ya kai zagayen ƙarshe na gasar littattafai ta Booker ta duniya a 2021. Fatalwowinta na unguwannin talakawa ne, kuma inuwar mutanen da aka ɓatar a mulkin soja na 1976 zuwa 1983 tana bin labaran. Amma fa ta iya tayar da zuciya, kada ki karanta kina cin abinci.

In kina son wanda ya fi kusa da gida, nemi The Reluctant Dead na Nuzo Onoh, haifaffiyar Inugu, wanda ya fito a 2014. Labaran matattu ne da suka ƙi kwanciya saboda an zalunce su, an gina su kan al'adun Ibo. A 2023 aka ba ta lambar girmamawa ta Bram Stoker, wadda ake ba marubutan labaran ban tsoro, kan ayyukanta.

Don haka ki fara da Onoh, ki bi da Enriquez, in kin ga kina iya fita tsakar gida da dare an ɗauke wuta, sai ki shiga dogon. Sababbin da wuya ki same su a bakin titi, sai dai ki saya ta intanet ko ki ba mai zuwa Akra saƙo ya duba miki. Wancan na Adum kuma, in ba tsada, ki koma ki ɗauka, amma ki duba ko shafin ƙarshe yana nan.