Faɗuwar Gaba a Gaban Taro: Likita Ya Amsa wa Mawaƙa da Makaɗa

Tambaya daga wata mawaƙiya a Kano: Likita, a situdiyo muryata garau take, amma da na riƙe makirufo a wurin biki sai ta kama rawa, bakina ya bushe. Ciwo ne?

Amsa: Malama, galibi ba ciwo ba ne. Idan ido ya yi wa mutum yawa, jiki kan saki sinadarin adirenalin, sai zuciya ta ƙara gudu, yawu ya ɗauke, numfashi ya gajarce. Gajeren numfashin nan ne ke girgiza murya, don haka ta nan za ki kamo bakin zaren. Minti biyar kafin ki fito, ki shaƙi iska ta hanci kina ƙirga huɗu, ciki ya ɗago, kafaɗa na nan yadda take, sannan ki fitar ta baki a hankali kina ƙirga shida zuwa takwas. Doguwar fitarwar ce ke sassauta bugun zuciya. Ruwa kuwa kurɓi kaɗan-kaɗan. Goro, kofi da lemon ƙarin kuzari ki haƙura da su kamar awa 6 kafin wasa, domin suna ƙara makyarkyata. Ki buɗe da waƙar da ta fi zama a bakinki, saboda fargabar ta fi ƙarfi a mintunan farko. Kafin ranar kuma ki riƙa rerawa a gaban mutum uku, sannan goma.

Tambaya daga wani makaɗin kalangu a Zariya: Hannuna na karkarwa har makaɗi ya nemi suɓucewa. An ce in sha propranolol.

Amsa: Malam, maganin na aiki, yana toshe tasirin adirenalin a zuciya da hannu. Likitoci kan ba da miligiram 10 zuwa 40, kamar awa ɗaya kafin wasa. Sai dai kada ka saya a kemis da kanka. Mai asma zai iya shiga haɗari sosai, haka mai ƙarancin bugun zuciya ko wanda awon jininsa (BP) ke ƙasa. Ga mai ciwon suga kuma yana ɓoye alamun faɗuwar suga. In likita ya rubuta maka, fara gwada shi ranar da ba ka da wasa. Karkarwa yake ragewa, tunanin "zan ji kunya" yana nan.

Tambaya daga wani matashi ɗan amshi: Abokaina kan sha tiramadol ko kodin don idonsu ya bushe.

Amsa: Ɗan'uwa, ina roƙonka kada ka fara. Tiramadol na jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, kodin na danne numfashi, duka biyun kuma jiki na sabawa da su. Tun 2018 gwamnatin Najeriya ta haramta maganin tari mai kodin. Idan fargaba ta kai kana gudun gayyata, je sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, kamar na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Akwai maganin tattaunawa da ake saba wa mutum da taro mataki-mataki. In kuwa zuciyarka na bugawa ko ba taro, ga rama da yawan zufa, a auna maka tayirod, wato ƙullin da ke gaban wuya wanda kumburinsa ke kawo maƙoƙo.