Tiyatar ƙwaƙwalwa ga dattijo: wa doka ta ba ikon sa hannu?

Tambaya: Lauya, ina gaisuwa. Mahaifinmu yana da shekara 73, a Garwa ta ƙasar Kamaru muke. Tun bayan azumi yake fama da ciwon kai, hannunsa na hagu kuma ya fara rauni. An ɗauki hoton kansa, likita ya ce ƙari ne a jikin tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, sunansa meninjiyoma, a kai shi Yawunde a duba yiwuwar aiki. Babban yayanmu ya ce shi zai sa hannu tunda shi zai biya. Inna ta ce ba za a fasa kan mijinta ba. Baba yana cikin hankalinsa, amma ba wanda ya tambaye shi. Wa ke da iko? In aka yi aikin bai yi kyau ba, muna da hakki?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Amsarki tana cikin maganarki, inda kika ce ba wanda ya tambaye shi. Muddin yana gane mutane, yana fahimtar abin da aka faɗa masa, yana kuma iya mayar da amsa, to yarda tasa ce shi kaɗai. Biyan kuɗi ba ya ba yayanku iko a kan jikin mahaifinsa.

Sashe na 286 na kundin hukunta laifuffuka na Kamaru, wanda aka sabunta a 2016, shi ke kare likita daga tuhumar jikkata mutum, bisa sharaɗin ya yi aikin da yardar majinyaci ko ta wanda yake ƙarƙashin kulawarsa a shari'ance. Idan majinyaci ya kai halin da ba zai iya ba da yarda ba, abokin aurensa ne sashen ya ambata. Wato ranar da Baba ya kasa magana, maganar Inna ce gaba da ta yayanku, ko da al'adar gida ta saba a tura babban ɗa. Idan kuwa rai na cikin haɗari kuma ba a iya samun matar ba, likita na iya shiga aiki ba tare da jiran kowa ba. In Baba na da mata fiye da ɗaya, ku daidaita yanzu, kada a je yin gardama a ƙofar ɗakin tiyata.

Tsoron Inna yana da tushe, kada ku raina shi. Ni lauya ne, hukuncin magani na likita ne, amma akwai abin da ya kamata ku sani kafin ku zauna da shi. Meninjiyoma yawanci ba cutar daji (kansa) ba ce, kuma a hankali take girma. Shi ya sa a wasu tsofaffi ake barinta ana bibiya da hoton IRM, wato hoton cikin kai da na'urar maganaɗisu ke ɗauka. Sai dai idan ta fara danne ƙwaƙwalwa har hannu ya raunana, likitoci sukan karkata ga cirewa. Wannan ya sha bamban da giliyobilastoma, mugun ƙarin da ko an haɗa tiyata da gasa ƙarin da hasken na'ura da magani, a babban binciken 2005 rabin majinyata ba su wuce wajen wata goma sha biyar ba, ga tsofaffi kuma abin ya fi gajarta. Ku tabbatar wanne ake zargi, ku kuma sani cewa tabbacin ƙarshe sai an gwada tsokar da aka ciro.

Haɗarin aikin ga mai shekara saba'in da ɗoriya ya haɗa da zubar jini a cikin kai, shanyewar ɓarin jiki, farfaɗiya, rikicewar magana, ruɗewa bayan farfaɗowa daga allurar barci, ciwon huhu saboda doguwar kwanciya, da daskarewar jini a ƙafa. Likitoci sun fi duba ƙarfin jiki fiye da yawan shekaru: dattijon da ke zuwa masallaci da ƙafarsa daban yake da wanda sai an ɗaga shi. Hawan jini, ciwon suga, da shan asfirin ko maganin tsinka jini duk sai an faɗa, kada a ɓoye ko ɗaya, har maganin gargajiya.

Hakkin Baba ne a yi masa wannan bayani da harshen da yake ji. Idan ba ya jin Faransanci, ku nemi mai fassara da Hausa ko Fulatanci, a rubuta a takardar cewa an fassara masa. Ya tambaya: me zai faru in ba a yi ba, duka za a cire ko wani sashe, akwai gadon kulawa ta musamman bayan aiki? In ya ji ya ce ba ya so, yana da ikon ƙi, sai dai asibiti zai sa ya sa hannu cewa shi ya ƙi.

Sai batun "in bai yi kyau ba". Abin da doka ta ɗora wa likita shi ne ya yi iyakar ƙoƙarinsa bisa ilimi da ƙa'idar aiki, ba ta ɗora masa alkawarin warkewa ba. Idan haɗarin da aka yi muku bayaninsa ya auku alhali an bi ƙa'ida, da wuya ku ci shari'a, gara in faɗa miki tun yanzu. Amma takardar da aka sa wa hannu ba ta wanke sakaci. Idan aka bar majinyaci ba mai dubawa har jini ya taru a kansa, ko aka yi aiki ba a duba maganin da yake sha ba, akwai hanyoyi. Sashe na 1382 da 1383 na kundin dokar farar hula sun ba da damar neman diyya. Sashe na 289 na kundin laifuffuka ya tanadi ɗaurin wata uku zuwa shekara biyar, ko tarar sefa 10,000 zuwa 500,000, ko duka biyun, ga wanda ya jawo mutuwa ko rauni ta sakaci. Ana kuma iya kai koke ga ƙungiyar likitoci ta ƙasa, amma ita ladabtarwa take yi, ba ta biyan diyya. In asibitin gwamnati ne, neman diyya yakan bi ta kotun da ke shari'a da hukumomi, bayan an fara rubuta wa hukumar koke, kuma wa'adinsa gajere ne, don haka kada a zauna sai an gama zaman makoki da rabon gado.

A duk hanyoyin nan alƙali ga rahoton ƙwararren likita yake jingina, shi kuma ƙwararre takardu yake dubawa. Ku adana hotunan kai, sakamakon gwaji, rasit, kwafin takardar yarda, ku kuma nemi rahoton aikin kafin a sallame ku.

Abu guda da iyalai ke jin nauyin tayarwa: kafin ku kama hanyar Ngaundere ku hau jirgin ƙasa, Baba ya je wurin notar, wato jami'in da ke tabbatar da takardu a shari'ance, ya wakilta wanda ya amince da shi a kan asusun banki da shago, ya fayyace basussuka, ya yi wasiyya in yana so. Takardar da aka sa wa hannu bayan hankali ya fara rawa, kowane magaji na iya ƙalubalantarta a kotu. Ki nemi wani baffanku da Baba ke jin maganarsa ya buɗe zancen, Inna da yayanku suna zaune.