Kare sirrin mambobi a shafinka na intanet

Ka ce kana son mutane su yi rajista a shafinka, su ɗora hotuna, amma kana tsoron bayanansu su fita. Fara da rage tambaya: suna da imel sun isa, ranar haihuwa kuwa me za ka yi da ita? Kalmar sirri kada ka ajiye ta yadda aka rubuta, ka bi da ita ta bcrypt ko Argon2, wato hanyoyin da ke jirkita kalmar sirri yadda ba za a iya karanta ta ba.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne hotuna. Waya kan ɓoye wurin da aka ɗauki hoto a bayanan EXIF, wato bayanan da ke tafiya a cikin hoton, sai ka goge su kafin hoton ya hau. In kana neman mambobi a Tarayyar Turai, dokar kare bayanan mutane ta GDPR da ta fara aiki a 2018 na iya hawa kanka. Nan kam nemi lauya.