Yara 90, waya ɗaya: amsoshin tambayoyin malaman makaranta

Wannan makon malaman makaranta ne suka cika mana akwatin saƙo. Na zaɓo huɗu daga cikin tambayoyin, sauran sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

Salamu alaikum. Ni malamar aji shida ce a wata firamare a Zariya. Mun je taron bita an nuna mana Kahoot, yara na amsa tambaya ta waya. Ajina yara 90 ne, kuma wayata ce kaɗai a ajin. Ya zan yi?

Wa alaikumus salam, Malama. Ki ajiye Kahoot tukuna. Manhaja ce mai kyau, daga ƙasar Norwe ta fito a 2013, amma an gina ta ne don ajin da kowane yaro ko kowane rukuni ke riƙe da na'ura. Masu shirya bita kan manta da wannan, domin a ɗakin taron kowa na da waya, ga janareto na aiki.

Wadda ta dace da ke ita ce Plickers. Waya ɗaya take buƙata, taki. Su yaran takarda za su riƙe. Za ki buɗe asusu kyauta a shafinsu, ki sauke katunan, ki kai shagon kwamfuta a buga miki. Kowane kati na ɗauke da wani baƙin zane mai kusurwa huɗu, babu biyu masu kama da juna, kuma a gefunan an rubuta A, B, C, D da ƙananan haruffa. Kin rubuta tambaya a allo da zaɓi huɗu. Yaron da ya ga amsar B ce sai ya juya katinsa B ta koma sama, ya ɗaga. Ke kuma ki tsaya gaban aji ki bi su da kyamarar waya daga wannan bango zuwa wancan. Kafin ki sauke hannu sunaye sun fito, wanda ya ci kore, wanda ya faɗi ja.

Abin da ya fi burge ni shi ne ƙanƙantar haruffan nan. Na kusa ba ya iya leƙen abin da maƙwabcinsa ya zaɓa. Kuma yarinyar nan ta bencin baya, wadda tun farkon zango ba ki ji muryarta ba, ita ma ta amsa ba tare da an yi mata dariya ba.

Sai dai katunan 63 ne iyakarsu, don haka ki raba ajin gida biyu a cikin manhajar, ki bi su ɗaya bayan ɗaya. Tana kuma cin data, ko da yake ba mai yawa ba. A manna katunan a kan kwali, kada a rufe su da leda mai ƙyalli, domin hasken taga na hana kyamara karantawa. Ki riƙa karɓe su bayan darasi. In kika bari suka tafi da su gida, gobe rabinsu sun zama ƙunshin ƙosai.

Malam, ni fom-masta ne a wata sakandare a Gusau. Duk ƙarshen zango sai na kwana uku ina haɗa maki da kalkuleta, ina fitar da na ɗaya da na biyu. Akwai mafita a waya?

Akwai, Malam, kuma tun tuni ya kamata ka huta. Ka sauke Google Sheets, manhajar jera lissafi a layuka da gidaje, ko Excel in ka fi sabawa da ita. Sunayen yara a layin A, makin gwaji a B, na jarrabawa a C. A gidan D2 ka rubuta =B2+C2, sannan ka kwafe shi zuwa ƙasa har sunan ƙarshe. Jimla ta fito ke nan. Don matsayi, in yaranka 80 ne, a E2 ka rubuta =RANK(D2,$D$2:$D$81), shi ma ka kwafe zuwa ƙasa.

Ka kula da alamar dalar nan, a nan gizo ke saƙar. Ita ce ke ɗaure lissafin ya riƙa auna kowane yaro da ajin gaba ɗaya. Na taɓa zama da wani malami da ya manta ta, sai yaron da sunansa ke ƙarshen rajista ya fito na ɗaya da maki 41, saboda da kansa kaɗai aka auna shi. Allah ya taimaka ba a kai ga rubuta katin sakamako ba.

Idan kuma jarrabawar zaɓi ce, ZipGrade na duba takardar amsa da kyamara ta ba da maki nan take, ko babu sabis. Kyauta ce har takarda 100 a wata.

Ina koyar da kimiyya a wani ƙauye a jihar Jigawa. Ba ɗakin gwaji, sabis kuma sai an hau tudu. Me zan nuna wa yara?

Ka nemi PhET. Jami'ar Kolorado ta Amurka ce ke da shi, Carl Wieman, wanda ya ci kyautar Nobel a fannin fiziks a 2001, ya kafa shi a 2002. Gwaje-gwaje ne da ake taɓawa a fuskar waya. A ɗaya daga ciki yaro zai jona batir da wayar lantarki da ƙwan fitila, ya ƙara batir ya ga haske ya ƙaru, ya haɗa bakunan batir ɗin guda biyu kai tsaye ya ga wuta ta tashi, ba tare da kowa ya ƙone ba. Ranar da ka shiga gari ka sauke waɗanda kake so daga shafinsu. Kowanne fayil ɗaya ne, yana buɗewa a Chrome ba intanet, kuma za ka iya tura wa abokan aiki ta Xender. Ka haɗa da Kiwix, wadda ke ajiye Wikipedia a cikin waya, har da ta Hausa.

Tun da babu majigi, ka riƙa kiransu shida-shida su zagaye tebur, sauran suna zana abin da suke tsammanin zai faru. In kuwa kana da batir da ƙwan tocila na gaske, ka fara da su. Wayar ta zo a bayansu.

Ya halatta in sa ChatGPT ya rubuta min lesin not? Kuma yaya zan samu ƙ da ɗ a wayata?

Ni ban ga laifi ba, Malam, in dai ka ɗauke shi kamar ɗalibin koyon aikin malanta: yana da sauri, amma sai an duba bayansa. Bai san sikim ɗin makarantarku ba sai ka ba shi, yakan kawo misali da abubuwan da yaranka ba su taɓa gani ba, kuma yakan faɗi kuskure da cikakken ƙarfin hali. Hausarsa ma wani lokaci Turanci ce aka sa wa hula. Ka gaya masa aji, da minti nawa darasin zai ci, da cewa allo da alli kawai gare ka, sannan ka gwada abin da ya ba ka da littafin da hukuma ta amince da shi. Kada ka zuba masa sunayen yara da makinsu.

Batun haruffa kuwa, ka shiga saitin Gboard, wato manhajar madannan rubutu ta waya, wajen harsuna, ka ƙara Hausa. Daga nan in ka danne k ka ɗan riƙe, ƙ za ta fito, haka d da b. In za ka kai takardar jarrabawa a buga, ka mayar da ita PDF tun a wayarka, domin wasu kwamfutocin shago kan mayar da haruffan nan akwatuna, ko mai bugun ya sauya su da kansa, ka rubuta "baƙi" yara su tarar da "baki".