Amsa ga mai tambaya kan tambarin EPNS a bayan cokula da tire

'Yar uwa, tambayarki ta sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi. Kin ce a bayan cokulan da tiren da kika gada akwai EPNS da A1, da wasu ƙananan akwatuna huɗu masu haruffa a lanƙwashe, kina son sanin ko azurfa ce zalla da kuma wanda ya ƙera su. Ki yi haƙuri, ruwan azurfa ne. EP na nufin an yi wa abin ruwan azurfa da lantarki, NS kuwa farin ƙarfen da ke ciki ne, haɗin jan ƙarfe da nikel da tutiya, babu ko ƙwayar azurfa a cikinsa. A1 kirarin kamfani ne ga kayansa, ba hukuma ce ta buga ba.

Amma don Allah kada ki kai su wurin mai gwaji da magagari. Ni butar shayin mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, na kai wa wani maƙerin farfaru don kawai ya karanta mini tambarin. Kafin in buɗe baki ya goga mata magagari a jiki, a gefen da ido yake fara sauka, ya ɗiga ruwan gwajinsa, wurin ya yi kore. Ya miƙo mini ita yana cewa "Hajiya, ai wannan gwangwani ne." Gwangwani! Butar da ba a fito da ita sai da salla. Ga EPBM, wato alamar ruwan azurfa a kan wani ƙarfe mai laushi, nan ɓaro-ɓaro a gindinta, da ya juya ta ya duba da bai taɓa ta ba. Har kuɗin gwaji ya karɓa. Tabon yana nan, kuma ruwan azurfar ya ci gaba da ɓarewa daga wurin, domin ƙarfen irin wannan buta mai laushi ne, yawancinsa kuza. Duk ranar da na buɗe kabad sai raina ya sake ɓaci. Na bar shi da Allah.

Akwatunan nan huɗu su suke ruɗa mutane. Masu ƙera kayan ruwan azurfa a Ingila da gangan suke jera haruffan sunansu a haka don su yi kama da hatimin azurfa ta gaske. Hatimin gasken a tsoffin kayan Ingila yana da zaki mai tafiya ya ɗaga ƙafa ɗaya, alamar 925 ke nan, sai alamar gari, anka ta Birmingham ko kan damisa na Landan, sai harafin shekara. In babu zakin a irin waɗannan kayan, galibi ba azurfa zalla ba ce. Ko kambi kika gani kada ya yaudare ki, a da sun riƙa buga shi a kan kayan ruwa don a zaci hatimin Sheffield ne.

Shi mai ƙirar, ki nemi ɗan hoto kusa da haruffan. Bigila ta James Dixon & Sons ce, tuta mai W&H ta Walker & Hall, duk a Sheffield. E&Co kuwa Elkington ne na Birmingham, su suka yi rajistar wannan fasaha a 1840, don haka duk abin da ke da EP bai wuce wannan shekara a tsufa ba, ko me ɗan gwanjo ya rantse miki. Haka 1847 Rogers Bros ta Amurka, sunan kaya ne, ba shekarar da aka yi cokalin ba. Na Jamus kuma za ki ga 90 ko 100, nauyin azurfar da aka yi ruwan da ita ne.

Kuma ki hana yara wanke su da toka ko soson ƙarfe, ruwan siriri ne, da zarar rawaya ta fara leƙowa a bayan cokali shi ke nan. Tsumma mai laushi da sabulu sun isa. Ki goge tambarin a hankali, ki ɗauki hotonsa kusa-kusa da rana a bakin taga, ki turo mana mu duba haruffan tare.