Abin da ke ɗaga wasan kwaikwayon dare da abin da ke kayar da shi

Ɗan'uwa, ka tambayi dalilin da ya sa wasa mai dogon zango kan yi tashe a talabijin, daga baya 'yan kallo su watse. A ganina, babban dalili yana cikin rubutun labarin. Mutum yana dawowa duk mako ne saboda ya ƙagu ya san wani abu: wa ya yi kisan, ko za a ɗaura auren nan? Da zarar an warware ƙullin ba a ɗaura wani ba, ko aka yi ta jan labarin saboda kuɗin talla, sai jama'a su gaji. Wannan jan rai yana ba ni takaici matuƙa, don ya kashe wasanni masu kyau. Ficewar jarumin da aka shaƙu da shi ma kan yi irin wannan ɓarna.

Amma ba kullum laifin wasan ba ne. Shirin da ya gabace shi kan gadar masa da 'yan kallo, kuma idan tasha ta sauya masa rana ko ya yi karo da ƙwallo, adadin zai faɗi. Dogon hutu ma haka: yajin aikin marubuta a Amurka daga Nuwamba 2007 zuwa Fabrairu 2008 ya katse wasanni da dama.

Ka kuma lura da yadda ake ƙirga 'yan kallon. Kamfani irin Nielsen, mai ƙirga 'yan kallon talabijin a Amurka, zaɓaɓɓun gidaje yake bibiya ya yi ƙiyasi, kuma yanzu da yawa sai daga baya suke kallo ta intanet. Adadin daren farko na iya raguwa alhali masoyan wasan suna nan.