Retinol don tabon ƙuraje: wanne za ki fara da shi?

Malama, kin ce ƙuraje sun bar miki baƙin tabo, kina son sanin wane retinol za ki saya da yadda ake shafa shi. Retinol wani nau'in bitamin A ne da ake sawa a man shafawa don gyara fata.

Ki fara da mai ƙarfin 0.2% ko 0.3%, ki bar na 1% tukuna. Ki zaɓi na cikin kwalba mai duhu, domin haske da iska suna rage masa ƙarfi.

Da dare ake shafawa. Ki wanke fuska, ki bari ta bushe sarai, kamar minti 20, don jiƙaƙƙiyar fata tana shanye shi da yawa har ta yi raɗaɗi. Kwatankwacin ƙwayar wake ɗaya ya ishi fuskar duka. Ki kauce wa gefen ido, kusurwar hanci da leɓe, sai ki bi da man da ke hana bushewa. Sau 2 a mako har wata guda, sannan ki ƙara.

Gaggawa ce ke ɓata lamarin. Baƙar fata idan ta ƙone, sabon tabo take bari, wani lokaci ya fi na farko duhu. Kin ga saɓa da zafi, ki dakata sai ta lafa, musamman da hunturu. Kada ki haɗa shi da man bilicin. Da safe kuma man kariya daga rana mai SPF 30 (lambar da ke nuna ƙarfin kariyarsa) dole ne.

Canji yakan ɗauki kusan mako 12. In kina da ciki ko kina nema, ki ajiye shi.